Wai me za mu kira wannan lambar da Hausa?

Jama'a mu dawo kan maganar sunan abin da Turawa ke ce wa prime number, wato lambar da babu abin da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta, irin su 2, 3, 5, 7, 11, 13.

Wasu sun ce a kira ta mara, to gaskiya wannan ba zai yiwu ba, don 9 mara ce amma 3 ta raba ta ba saura, ita kuma 2 cika ce kuma tana cikin dangin. Wasu sun ce a bar ta firam kawai kamar yadda muka ari kwamfuta, ban ƙi ba, amma yaron da ya ji firam bai ƙaru da komai ba.

Ni dai abin da ya kwanta min shi ne gagara-raba, kamar yadda muke cewa gagara-gasa. Ka ba yaro tsakuwa 12 ka ce ya kasa su daidai, zai yi kashi uku huɗu-huɗu ko kashi biyu shida-shida, ƙara masa ɗaya su zama 13 ka ga duk yadda ya juya sai an samu saura, sai dai ya ware su ɗai-ɗai ko ya bar su a dunƙule.

Kuma sunan ya fi dacewa da manyan. A Oktoban 2024 Luke Durant na shirin GIMPS, wato shirin 'yan sa-kai masu neman irin waɗannan manyan lambobi da kwamfuta, ya gano wata da ta zarce duk waɗanda aka sani kafinta: ka jera 2 guda 136,279,841 ka ninka su da juna sannan ka cire 1. Alƙalumanta 41,024,320 ne wallahi, kuma in aka rubuta ta da tsarin kwamfuta na sifili da ɗaya to ɗaya ce zalla daga farko har ƙarshe. Irinsu ake kira lambobin Mersenne, sunan wani limamin Kirista Bafaranshe na ƙarni na 17, wannan ita ce gagara-raba ta 52 da aka samu a cikinsu. Dole adadin biyun da aka jera shi ma ya zama gagara-raba, amma hakan kaɗai bai isa ba, 11 gagara-raba ce amma in ka jera 2 guda 11 ka ninka su ka cire 1 za ka samu 2047 wadda 23 sau 89 ce.

Wani zai ce to ai 1 ma ba ta rabuwa, haka ne, amma masana lissafi sun fitar da ita don sharaɗin shi ne masu raba lambar su zama biyu cif, ita kuwa ɗaya tak gare ta. Wannan a aji za a yi bayaninsa, suna ba zai ɗauki komai da komai ba.

Jam'in ne nake so mu tsayar yanzu, ni na fi son lambobi gagara-raba ba tare da an taɓa kalmar ba. Malaman lissafi me kuka gani?