Shin sai a 1959 talakan Kano ya samu wakili?

Na Gwammaja: Assalamu alaikum. Ni dai ra'ayina shi ne, talakan Kano bai taɓa samun wakili nasa na kansa ba sai a zaɓen 12 ga Disamba 1959, da Malam Aminu Kano ya ci kujerar Kano ta Gabas a majalisar wakilai ta Ikko.

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam. Ɗana, ba ka yi wa Ɗanmasani adalci ba. Maitama Sule ya kayar da Malam a 1954 yana ɗan shekara 25, ya je majalisa aka san da zamansa. Shi ba ɗan Kano ba ne?

Na Gwammaja: Baba, ba na musun baiwarsa. Amma wa ya zaɓe shi? A Arewa zaɓen 1954 hawa-hawa aka yi shi: mutanen unguwa su zaɓi wasu, waɗannan su zaɓi wasu, sai 'yan tsiraru a sama su fitar da wakili. Haka aka yi wa NEPU, jam'iyyar Malam, a 1951, ta yi nasara a matakin farko a Kano, kafin a kai ƙarshe En'e ta cusa mutanenta, NEPU ta tashi a tutar babu. A 1959 kuwa mutum da hannunsa yake shiga rumfa, ga akwati mai tauraro na NEPU, ga mai fartanya na NPC, jam'iyyar Sardauna, ya jefa inda ransa yake so.

'Yar Fagge: Yaya, wane mutum? Kakata a Fagge take lokacin. Ita ta dafa wa 'yan jam'iyya abinci, ita ta kai wa kakanmu tuwo gidan yari da alƙali ya ɗaure shi kan siyasa. Ranar zaɓe kuma tana tsakar gida, domin matan Arewa ba su da ƙuri'a sai a 1976. Abin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kansa ke nan. Rabin gari bai zaɓi kowa ba, ya za ka ce talaka ya samu wakili?

Tsohon Malami: Kin faɗi gaskiya, 'yata. Ku ƙara da wannan: kujeru 8 NEPU ta samu, NPC 134. Kuma saboda ƙawancen NEPU da NCNC, jam'iyyar Azikiwe da ke cikin gwamnati, Malam ya zama mataimakin mai tsawatarwa a ɓangaren gwamnatin Tafawa Ɓalewa. A zaɓen 1964, da UPGA, ƙawancen da NEPU ke ciki, ta ce a ƙaurace, kujerar ta koma hannun NPC.

Na Gwammaja: Maganar mata na karɓe ta, na yi kuskure da na manta da su. Amma Baba, shekara 5 ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ɗan doka yake kora don ya ɗaure tauraro a hula.

'Yar Fagge: To ka gyara maganarka, ka ce mazan Kano. Kakata sai a 1979 ta zaɓi Malam, a PRP, hannunta yana rawa ta dangwala wa mabuɗi, alamar jam'iyyar.