Neman shawara: adireshinmu na intanet ya koma hannun wanda ba mu sani ba

Sakataren ƙungiya: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa tana da adireshi mai ƙarewa da .com. Wani ɗan ƙungiya ne ya yi mana rajistarsa da katinsa. Yanzu ana saka rubutun sukar shugabanninmu a kai, babu sunan marubuci. Shi ya rantse wa'adi ne ya ƙare wani ya saye, amma jama'a na zarginsa. Yaya za mu gane mai shi, mu karɓo abinmu?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam Sakatare, fara da binciken da ba ya cin kuɗi. Shiga lookup.icann.org ka rubuta adireshin. Da wuya ka ga suna, domin tun da dokar GDPR ta Turai, mai kare bayanan sirrin mutane, ta fara aiki a Mayun 2018 kamfanonin rajista suke ɓoye shi. Amma za ka ga ranar da aka ƙirƙiri rajistar, kuma nan maganar take. Adireshin .com ba ya faɗuwa rana ɗaya: bayan wa'adi akwai ƙarin lokacin sabuntawa da kan kai kwana 45, sai kwana 30 na fansa da ƙarin kuɗi, sai kwana 5 kafin a goge. In an goge wani ya sake yi, ranar za ta zama sabuwa, mutuminku ya faɗi gaskiya ke nan. In tsohuwa ce ma kada a yanke hukunci, don wasu kamfanonin kan yi gwanjon adireshi kafin a goge, ranar ba ta canzawa. Ku ce ya buɗe imel ɗin da ya yi rajista da shi. Saƙonnin tunatarwa da rasit suna nan.

Barista: Yallabai, kafin komai ku hana mutanenku ambaton sunan kowa a fili. Kamannin salon rubutu ba hujja ba ce, kuna iya wayar gari ku ake tuhuma da ɓata suna.

Hanyar karɓowa ita ce UDRP, tsarin warware rikicin adireshi da ICANN, hukumar da ke kula da adiresoshin intanet, ta kafa a 1999. Ana shigar da ƙorafi a cibiyar WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, da ke Janiba, dala 1,500 in mai hukunci ɗaya ne. Ribarsa, kamfanin rajista zai kulle adireshin ya kuma bayyana sunan da ke bayan labule. Wanda ake ƙara yana da kwana 20 ya amsa. Sai kun tabbatar da abu uku gaba ɗaya: sunan ya yi kama da alamar kasuwancinku, shi ba shi da haƙƙi a kai, kuma da mugun nufi ya yi rajista yake amfani da shi. Ku kula da na farkon. Takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kaɗai ba alamar kasuwanci ba ce. In ba ku yi rajistar alama ba, sai ku tara shaidar cewa an san ku da sunan: rasitai, tallace-tallace, tsofaffin shafukanku da ke archive.org.

In kuma ɗan ƙungiyar ne ke riƙe da shi, rikicin amana ne, masu hukuncin kan ce a tafi kotu.

Hajiya mai sayar da adireshi: Barista, a ƙara da cewa .com.ng ba ya ƙarƙashin UDRP, NiRA mai kula da adiresoshin .ng tana da nata tsarin. Kuma sau da yawa saye ya fi shari'a araha. In an daidaita, sai lambar canjawa, wato lambar sirrin da ake mayar da adireshi da ita, ta shigo, adireshin ya shiga asusunku, sannan a saki kuɗi. Ku sa sunan ƙungiya da imel ɗin ƙungiya, ku biya na shekaru da yawa, ana yarda har 10.

Sakataren ƙungiya: Allah ya saka da alheri. Na duba, ranar ta watan Maris ɗin bana ce.