Python 2 ya mutu ne da gaske ko har yanzu ana iya lallaɓawa da shi?

Ɗan_Kurna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Akwai wani ɗan firogiram da na gada a makarantar da nake aiki, wanda ya rubuta shi ya bar aiki tuntuni, shi ke haɗa makin yara ya fitar da waye na ɗaya waye na biyu duk ƙarshen zango. Da yaren kwamfuta Python 2.7 aka rubuta shi. To tsohuwar kwamfutar ta fara ciwo, na ɗauko sabuwar laftof na sa mata Ubuntu sai na tarar babu Python 2 ɗin ma sam, da ƙyar na samo shi, shi kuma pip, abin da ake sauko wa Python kayan aiki da shi, sai gargaɗi yake ta zuba min wai an daina kula da Python 2 tun 2020. Dole ne sai na mayar da shi Python 3 ko in ƙyale abina tunda yana aiki? Wallahi tsoron taɓa shi nake.

Injiniya_Baba:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ai an yi jana'iza an watse, ranar 1 ga Janairun 2020 aka janye hannu, na ƙarshe da suka fitar shi ne 2.7.18 a watan Afrilun shekarar, daga nan ko ɓaraka aka gano ta tsaro ba mai toshewa. Kuma ba a yi wa kowa ba-zata ba fa, Python 3 tun Disambar 2008 ya fito, da farko 2015 aka sa za a rufe na biyun, mutane suka yi ta kuka sai Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiri Python, ya ƙara shekara biyar. Babbar matsalarka ma ba shi Python ɗin ba ne, kayan da ke kewaye da shi ne suka gudu suka bar shi: pip daga 21.0 ya daina, Django tun daga 2.0, NumPy 1.16 ne na ƙarshe. Ka mayar kawai, in firogiram ɗin bai wuce fayil biyu uku ba aikin yini ɗaya ne.

Mai_Shayi:
Ni fa ban ga abin gaggawa ba oga. Kwamfutar da ba ta hawa intanet, makin yara kawai take lissafawa, wa zai zo ya yi mata kutse? Abin da bai lalace ba a bar shi ya huta.

Maman_Ilham:
Mai_Shayi ai ya ce kwamfutar ce ke mutuwa, nan gaba wa zai sake nemo masa 2.7 ɗin? Malam Ɗan_Kurna ka mayar, amma tunda lissafin maki ne ka buɗe ido sosai a wajen rabawa, nan ne ake faɗawa rami. Su print da za ka sa wa baka biyu da raw_input da ya koma input duk wasa ne, da kansu za su yi maka ihu ka gyara. Rabawa kuwa shiru take yi. A Python 2 in ka rubuta 149/2 zai ba ka 74, a Python 3 kuma 74.5, ka ga yara biyu da a da suke kunnen doki yanzu ɗaya zai haye ɗaya, kai kuma ba ka san ka canja komai ba sai iyaye sun zo ofis. In tsohon lissafin kake so sai ka sa // maimakon /. Haka round ma ya canja hali, 74.5 a da 75 yake komawa, yanzu 74, wai yana bin lambar da ke rabuwa biyu, to in A ɗinku daga 75 take farawa ka ga an yi wa yaro asara. Ka ɗauko sakamakon zangon da ya wuce ka zuba a tsoho da sabo ka gwada su layi-layi kafin ka yarda da shi.

Wani daɗin kuma, sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ. Ni a Python 2 na sha wuya da UnicodeDecodeError har na koma rubuta Ɗanladi da D zalla, a na uku rubutu duk Unicode ne, ka dai sa encoding="utf-8" in za ka buɗe fayil.

Ɗan_Kurna:
Kai Hajiya Allah ya saka da alheri, yanzu na leƙa, wuri huɗu ya yi rabawa da / kuma duka a kan jimillar maki ne. Na ji ana maganar 2to3, wai firogiram ne mai mayar da abin da aka rubuta da Python 2 zuwa 3, zai yi min aikin?

Injiniya_Baba:
Zai gyara maka su print da raw_input, amma ba ya taɓa rabawar da Hajiya ta faɗa, wannan da hannunka za ka bi. Kuma an cire shi daga Python 3.13, in shi ne a laftof ɗinka sai ka nemi 3.12 ko ƙasa da haka. Ka kwafi fayilolin a filash tukuna kafin ka taɓa komai.