Masu rabin aji na haɗin gwiwa, ya kuke yi da ranar aikin iyaye?

Uwar tagwaye, Mabera:
Salamu alaikum jama'a, don Allah shawara nike biɗa. Mu iyaye 20 munka haɗu bara bayan sallar layya munka buɗe ɗan rabin aji namu na kanmu, yara 24 daga shekara 3 zuwa 5, wani dattijo na unguwa ya ba mu aron shago biyu da filin ƙofar gidanai. Kuɗɗin makaranta da na keke sunka kai mu ga haka, tun da anka cire tallafin mai a 2023 kai yaro da ɗauko shi kullum ya fi ƙarfin da yawa cikinmu. Malama guda munka ɗauka wadda ta yi NCE a kwalejin Shehu Shagari, ita kaɗai ake biya, sauran aiki duk namu na, uwaye biyu kowace rana su zo tun 7:30 su taya ta shara da kai yara bayi da wanke masu hannu da rabon kunu har a tashi. Watan farko kowa na zuwa har da kwalliya, yanzu kam sai uzuri, wagga biki waccan awo. Satin da ya wuce sau 3 malama na ita kaɗai, ranar Laraba wani yaro ya sulale ya fita ba wanda ya gani, sai mai shagon bakin titi ya maido muna shi da takalmi ƙafa guda. Wallahi ban runtsa ba daren nan. Wanda ya taɓa yin irin wanga abu ya faɗa min yadda sunka yi.

Maman yara, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah shi tsare gaba. Namu shekara 4 ke nan kuma mun sha wannan. Abu guda za ni roƙe ki, kar ku sa cin tara. Mu mun sa, duk wadda ba ta zo ba ta biya dubu ɗaya, cikin wata biyu masu hali sunka mai da shi kuɗin hutu, tun dare za ki ga alat ya shigo da "a yi haƙuri Anti", ya zama mu shida marasa dubu ɗayan mu ne kullum da tsintsiya da fo, har wata ta ce ita ba 'yar aikin kowa ba ce ta cire ɗiyanta. Kuɗi ba ya kai yaro bayi. Da munka soke tarar sai munka yi shi awa adashe, an rubuta kwanan kowa a jikin kwali an manna bakin ƙofa, kuma an haɗa kowa da abokiyar canji ta kusa da gidanta, in ba ki zuwa ke za ki kira ta tun daren jiya ki rama mata nata daga baya. Malama ba ruwanta da neman kowa. Kunyar maƙwabciya ta fi tara aiki nesa ba kusa ba.

Ma'aikaciyar jinya, Gawon Nama:
Maman yara ki yi min afuwa amma akwai inda ban yarda ba. Ni ranar da nike aikin safe wa zai bar ni in baro marasa lafiya in zo rabon kunu? Kuma abokiyar canji ta yi min sau nawa kafin ta gaji? An taɓa yi min gori a taro cewa ɗiyata na cin gumin wasu, na koma gida na yi kuka sosai. Abin da ya raba gardama shi ne da anka yarda aiki ba sai na cikin aji ba. Ni na ɗauki wankin tabarmi da kayan wasa duk Asabar, kuma ni ke duba katin rigakafin duk yaron da za a ɗauka, saboda na ga sanƙarau na 2017 da idona, yara 20 a ɗaki guda lokacin zafi ba abin wasa ba ne, ga ƙyanda in ta kama ɗaya sai ta zagaye aji. Na kuma koya ma iyaye haɗa ruwan gishiri da suga. Yanzu ba mai ce min komi.

Baban yara, Arkilla:
To ni tambayata ga uwar tagwaye, ina mazan? Kin ce iyaye 20 amma duk aikin da kinka lissafa na mata ne. Mu ma haka munka fara, maza mu tura kuɗi mu ɗauka mun gama, sai da maiɗakina ta haihu ba mai zuwa ranarta na je da kaina don kar a ce gidanmu ya gaza. Hajiya ranar nan na san malaman yara na da lada, kafin ƙarfe 10 rigata ta jiƙe, ɗaya na kuka ɗaya ya zubar da kunu ɗaya ya riƙe min ƙafar wando yana son in ɗaure mai igiyar takalmi. Daga nan munka raba, ƙofa ta maza ce safe da tashi, ba yaron da ke fita sai an ga wanda ya zo ɗaukarsa. Ruwa ma namu ne, mu ke biyan ɗan garuwa ya cika randuna. Kuma duk ƙarshen Fabrairu muna aikin gayya mu gyara rumfa mu sa sabbin zana, don kin san Afrilun Sakkwato zafi na wuce 40, ƙarƙashin kwano yara ba su iya zama. Yaron nan naku da ya fita da akwai namiji bakin ƙofa da bai kai titi ba.

Malamar rabin aji, Gidan Igwai:
Bari in faɗi namu ɓangaren, iyaye ku yi haƙuri. Wani zuwan gara rashinsa. Uwa ta zo ta ɗora ɗanta bisa cinya tun safe har tashi, ko ta zauna tana latsa waya, ko ɗan wata ya ture nata ta kai mai rankwashi, gobe uwar wancan ta iso da mayafi a kafaɗa. Mafi ciwo wadda za ta ga yaro ya yi fitsari a wando ta kai labarin gidan suna. Ni yanzu duk uwar da za ta fara sai mun zauna na faɗa mata ba duka, abin da ta gani a aji ya tsaya a aji, kuma rukunin da ɗanta ba ya ciki nike ba ta. Amma akwai wata uwa da ba ni mantawa, ita ta lura wata yarinya ba ta juyowa in an kira ta ta baya sai ta ga bakinka, ni da yara sun yi min yawa ban kula ba, anka kai ta asibiti ashe kunne ne.

Inna, Kanwuri:
Jikata ka rubuta min. Ɗiyana ku daina mance tsofaffi, muna zaune gida ba abin da muke yi. Ni ka zuwa ranar surukata in yi ma yara tatsuniya da 'yar waƙa, in koya masu addu'ar cin abinci da ta shiga bayi. Garin ga ba baƙon wanga aiki ba na, Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu ta tara mata 'yan taru, jajinsu wato shugabanninsu na ɗauko karatu su kai ƙauye ba wanda ka biyan su. Ku dai ku aje muna kujera don gwiwa.

Baban yara, Arkilla:
Allah shi ƙara lafiya Inna. Na mance abu guda, kuɗin wata kar su zauna hannun mutum ɗaya, mu an taɓa cewa an ranta ma wani za a maido, albashin malama ya yi kwana 12 bai fito ba. Ku buɗe asusu mai sa hannun mutum biyu, a karanta lissafi gaban kowa duk wata. Kuma ku leƙa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma a san da zamanku, dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta haɗa har da karatun yara kafin firamare.

Uwar tagwaye, Mabera:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah shi bar zumunci. Gaskiya tarar ce munka yi niyyar sawa a taronmu na ranar Lahadi, yanzu na fasa kawo ta. Na karanta ma baban tagwaye maganar ƙofa ya yi shiru can ya ce a sa shi Litinin da Alhamis kafin ya wuce kasuwa. Malama ta Gidan Igwai don Allah in ba damuwa ki turo min abubuwan da kike faɗa ma uwaye ranar farko, ina son in kai ma tamu malamar kafin taron.