Neman shawara: wace riga ce ta dace da motar gudu mai kwana a fili?

Mai Jar Mota:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina da Mazda MX-5 ƙirar 2016, mai rufin ƙyalle da ake naɗewa, kuma gidan da na koma ba shi da gareji, saboda haka a fili take kwana, rabinta a ƙarƙashin bishiya, rabinta a rana. Sai ƙarshen mako nake hawanta, wato takan yi kwana biyar ko shida a tsaye tana shan rana da ƙura da kashin tsuntsaye. Wata huɗu da suka wuce na sayi rigar mota mai araha, irin wadda ake cewa tana shiga kowace ƙaramar mota, mai santsi kamar leda, wadda mai sayarwar ya rantse mini ko ɗigon ruwa ba ya ratsa ta. Ruwa dai bai ratsa ba, a nan ya yi gaskiya. Amma makon jiya, bayan na wanke motar na tsaya da ita a rana, sai na ga gefen bonet da bayan madubai da kusurwoyin but duk sun dushe da ƙananan karce masu kama da saƙar gizo, rufin kuma yana warin danshi, ga ɗigo-ɗigon fumfuna kusa da gilashin baya. Laifin rigar ne ko nawa? Wace iri ya kamata in saya, ko kuwa in haƙura da riga gaba ɗaya?

Mai Fenti:

Wa alaikumus salam. Malam, ka yi haƙuri, laifin nan raba shi za a yi tsakaninka da rigar. Ƙyallin da kake gani a jikin mota wani siririn shafe ne da ake yi a saman launi, mu masu fenti muna ce masa kiliya, kuma kaurinsa a motar da ta fito daga kamfani bai cika wuce maikiron 40 zuwa 50 ba (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali silin gashin mutum yakan kai wajen 70. Ƙurar da ke sauka a kansa kuwa cike take da garin yashi, wanda taurinsa ya kai mataki na 7 cikin 10 a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, ya ma fi gilashin taga tauri. Idan ka ɗora riga a kan mota mai ƙura, iska ta kwana tana kaɗa rigar, to tamkar ka ɗauki mutum aiki ne ya kwana yana dirza motarka da samfefa.

Inda rigar ta yi laifi shi ne girmanta. Tsawon motarka mita 3.9 ne da 'yan kai, tsayinta kuma kaɗan ya haura mita 1.2, rigar da ka saya kuwa an yanka ta ne don motar da ta fi taka tsawo da tudu, saboda haka rarar ƙyallen da ke reto a gefe ita ce ke kama iska. Shi ya sa ɓarnar ta taru a gefuna da kusurwoyi, inda ƙyalle ke ɗamewa yana gogawa. Duk mota mai ƙasa-ƙasa irin wannan, musamman mai fiffike a baya, rigar da aka ɗinka daidai da ƙirarta da shekararta take buƙata, mai aljihun madubi biyu da roba a bakinta gaba da baya. Game da karcen, ka gwada da farce: idan farcenka bai maƙale ba, gogewa da inji za ta fitar da shi. Sai dai kowace gogewa tana cin wani abu daga kiliyar, kuma abin da aka ci ba ya dawowa, don haka kada ka kai ta gogewa sai ka gyara abin da ya jawo karcen.

Hajiya Mai Buɗaɗɗiyar Mota:

Ƙanena, ni kan fumfunar zan yi magana, domin na taɓa faɗawa wannan ramin da tawa motar. Rigar da ruwa ba ya ratsawa ko kaɗan, danshi ma ba ya fita daga cikinta. Da dare ƙasa tana fitar da laima, jikin mota ya yi sanyi, raɓa ta kwanta a ƙarƙashin rigar. Da rana ta fito sai wurin ya koma kamar tukunyar da aka rufe a kan wuta, rufin ƙyallen kuma ya shanye gumin. Abin da za ka nema shi ne yadi mai numfashi, wanda ke korar yawancin ruwan sama amma yake barin tururi ya fita. Irin wannan yakan bar ɗan danshi ya ratsa idan an yi ruwa mai ƙarfi, kuma wannan ba aibu ba ne, tunda cikin sa'o'i kaɗan motar za ta bushe da kanta. Idan kana son gwadawa kafin ka biya, ka kara yadin a bakinka ka hura: wanda iska ta ƙi ratsawa sam, ka ajiye musu kayansu.

Ka kuma kula da cikin rigar. Masu sayarwa suna yabon mai gashi-gashi mai laushi, kuma lallai tana da kyau ga fenti, amma a kan baƙin rufin ƙyalle takan bar fararen zarurruka da sai ka yi da gaske kafin su fita, kuma gashin yana riƙe yashi. Mai santsin ciki marar gashi ta fi mini. Fumfunar da ke kan rufin, ka wanke ta da buroshi mai laushi da sabulun da aka yi don rufin ƙyalle, ban da bilic, sannan ka bar rufin a ɗage har ya bushe ƙarau kafin ka naɗe shi. Tunda kuma kana ƙarƙashin bishiya, ka duba magudanan ruwan rufin da ke bayan kujeru, ɗaya a kowane gefe, domin ganye yana toshe su, ruwa ya koma cikin mota ya jiƙa kafet, mutum yana ta zargin riga. Eriyar baya ma warwarewa take yi. Ka cire ta kafin ka rufe, kada ta huda maka sabuwar riga.

Mai Shakka:

Ni fa ra'ayina ya sha bamban da naku. Na ga motocin da riga ta ɓata sun fi waɗanda ta ceta yawa, domin mutane ba sa iya bin ƙa'idarta. Ya matsar da motar daga ƙarƙashin bishiya, ya kafa 'yar rumfa idan mai gidan ya yarda, ya riƙa shafa mata kakin kare fenti, shi ke nan.

Mai Fenti:

Yallaɓai, idan rumfa za ta samu, babu musu ta fi riga, kuma da motar kullum ce ake fita da ita a dawo da ƙura, da ni ma na ce ya bar riga. Amma motar da za ta yi kwana shida a tsaye hukuncinta daban ne. Kashin tsuntsu yana ɗauke da sinadari mai cin fenti, kuma idan rana ta gasa bodin kiliyar takan yi taushi, ta yadda kwana biyu sun isa a bar tabon da wanki ba zai fitar ba. Ga ƙaron bishiya, ga hasken rana da ke koɗar da jan launi da rufin ƙyalle yana busar da robobin ƙofa. Sharaɗi ɗaya ne tak: kada riga ta hau motar sai tana wanke kuma a bushe. Ga wanda aka yi wa motarsa sabon fenti kuma, ya jira wata ɗaya zuwa uku, gwargwadon abin da mai fentinsa ya ce, domin fentin yana ci gaba da fitar da sinadaransa kafin ya gama ƙanƙamewa.

Tsohon Makanike:

Ɗana, abin da suka faɗa maka daidai ne, bari in ƙara na ɓangarenmu. Kada ka dawo daga tafiya ka rufe mota nan take. Ka ba ta kamar rabin sa'a, domin bakin salansa yana iya narkar da yadin roba ya manne, kuma cire shi aiki ne. Masu motocin da injinsu ke tsakiya ko baya, irin Porsche Cayman da 911, su suka fi bukatar wannan haƙuri, saboda zafin duk a bayan motar yake taruwa. Roba a bakin riga ba ta isa ta tare iska mai ƙarfi ba, sai ka haɗa da maɗauri biyu da ke bi ta ƙarƙashin mota, ɗaya a gaban tayoyin gaba, ɗaya a bayan na baya, ka tabbata ƙarfen maɗaurin bai taɓa fenti ba. Ramukan da ke tsakiyar rigar kuma na wayar da ake kullewa da kwaɗo ne, tana hana a yi awon gaba da ita.

Batun yadi, kada yawan ninki ya ruɗe ka, don wata mai ninki biyar ba ta kai wata mai ninki ɗaya ba. Mai ninki da yawa ta folifirofilin, wani nau'in yadin roba, tana da kauri, tana rage bugun ƙananan abubuwa, amma tana da nauyi, tana jinkirin bushewa, kuma rana mai zafi tana cinye ta har ta fara zubar da gari. Saƙaƙƙiyar foliyesta ba ta da nauyi, tana bushewa da wuri, kuma za ta shiga ɗan but ɗin motarka. Akwai Tyvek na kamfanin DuPont, fari marar nauyi mai mayar da hasken rana, akwai kuma Sunbrella, yadin akirilik da ke daɗewa a rana ƙwarai, ko da yake ba shi ne gwanin tare ruwa ba. A wurinka, saƙaƙƙiyar foliyesta mai launin azurfa ko toka-toka zan zaɓa. Sannan ko ba za ka fita ba, ka yaye rigar sau ɗaya a mako ka buɗe bonet, domin ɓera yana son wuri mai duhu da ba a taɓawa, kuma na sha gyara wayoyin da ya ci.

Mai Jar Mota:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na gane cewa na sha rufe ta ranar Lahadi da dare ba tare da wanki ba. To, idan na dawo a gajiye da ƙura a jikinta, yaya zan yi? Ita rigar kuma, yaya ake tsabtace ta?

Hajiya Mai Buɗaɗɗiyar Mota:

Ka bar ta a buɗe a wannan daren, ka wanke ta washegari, ka tsane ta da tawul ɗin maikirofaiba, sannan ka rufe. Kwana ɗaya a fili bai kai ɓarnar kwana shida a ƙarƙashin riga mai yashi ba. Idan rufin kawai kake jin wa tsoro, akwai rabin riga mai rufe rufi da gilasai kaɗai, wadda kusan ba ta taɓa fenti. Wajen cirewa, kada ka ja rigar ta zame a jikin mota, kuma kada ta taɓa ƙasa. Ka ɗago gefen dama da na hagu ka ninke su zuwa tsakiyar rufi, sannan ka naɗe ta daga baya zuwa gaba kamar tabarma, ta yadda cikinta ba zai haɗu da bayanta ba. Wajen sawa sai ka ɗora naɗin a kan bonet, ka maƙala bakin a bambar gaba, ka warware zuwa baya, ka sa madubai a aljihunsu. Wanki kuwa, ka shimfiɗa ta a kan motar da aka wanke, ka bi ta da soso da ruwan sabulu marar ƙarfi, ka ɗauraye sosai, ka juya cikinta ka maimaita, sannan ka shanya ta a igiya. Kada ka sa sinadarin tausasa tufafi, domin yana kashe ƙarfinta na korar ruwa, kada kuma ka sa ta a injin busarwa mai zafi. Idan ka cire ta a jiƙe saboda sauri, ka tuna ka fito da ita daga but da zarar ka dawo.