An sauya wa Hajiyarmu gwiwa, yanzu ɗinkin yana tsatsar ruwa

'Yar Autar Hajiya:
Assalamu alaikum. Sati uku ke nan da aka yi wa mahaifiyarmu aikin sauya gwiwar dama, kuma tana da ciwon suga. Da farko lafiya lau, har ta fara takawa tsakar gida da sandar nan mai ƙafa huɗu. Shekaranjiya da nake canza mata bandeji sai na ga ƙarshen ɗinkin ya yi ja, ruwa rawaya-rawaya na tsatsowa, gwiwar kuma zafi rau. Jiya a kwance ta yi sallar isha'i. Yayanmu ya sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta na Ampiclox a kemis, ni dai hankalina bai kwanta ba. Sai nan da kwana 10 za mu koma ganin likita. Mu jira?

Ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kada ku jira, yau ɗin nan ku mayar da ita wurin likitan da ya yi aikin. Kuma ku ajiye Ampiclox ɗin tukuna. Likita zai zuƙo ruwan gwiwar da allura a auna, a yi gwajin jini na ESR da CRP, masu nuna alamar kumburi a jiki, don a gane ko ƙwayar cuta ta shiga wurin. In ta riga ta sha magani, ƙwayar cutar kan ɓuya, a rasa wacce za a yaƙa.

Abin da ya sa nake gaggauta ku: ƙwayoyin nan, galibi Staphylococcus, manne wa ƙarfen da aka sa a gwiwar suke yi, su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ba ya ratsawa da kyau. Cikin sati huɗun farko bayan aikin ana iya buɗewa a wanke, a canza robar da ke tsakanin ƙarafan gwiwar, a bar ƙarfen. In an makara, sai an cire shi gaba ɗaya. Ku kula da sugarta sosai, hawan suga ke hana rauni warkewa.

Mai sikila daga Zariya:
Ni na makara. Ƙugu aka sauya min, na yi wata biyu ina shafa man zafi. Aka cire ƙarfen, aka sa min siminti mai magani a gurbinsa, sati shida ina karɓar allura ta jijiya, sannan aka sake wani aikin. Don Allah ku hana 'yan dubiya shafa mata komai a wurin.

'Yar Autar Hajiya:
Allah ya saka da alheri. Mun je, sun kwantar da ita, an ɗebi ruwan. Gobe da safe za a shiga da ita wankin. Ku sa mu a addu'a.