Don Allah me za mu kira wannan burushin mai caji da Hausa?

Mai Fassara: Salamu alaikum jama'a, ku taimaka min. Gobe ƙarfe 10 na safe za mu ɗauki shirin zamantakewar aure a rediyo nan Bauchi, an ba ni wata takarda ta Turanci in mayar da ita Hausa, kan wasa tsakanin mata da miji, a ciki har da yi wa juna cakulkuli a tafin ƙafa da electric toothbrush in duk su biyun sun yarda. Cakulkuli ba matsala, burushin ne ya tsaya min a wuya, in na ce burushi kawai za a ɗauka irin na shagon bakin layi ne.

Mai Kemis Wunti: Burushin haƙori mai caji. Haka masu saye suke ce min, shi ke nan.

Malamin Hausa: A'a ɗana. Burushi Turanci, caji Turanci, to ina Hausar? Muna da magogi, daga goga, kamar yadda aka samu mabuɗi daga buɗe. Magogin haƙori. In kuma motsinsa ake so a nuna, ni na daɗe ina ba da shawarar "girgizau", tun da aikinsa kenan girgiza, kalma ɗaya tak mai daɗin faɗa.

'Yar Jekadafari: Girgizau kuma Malam? Wallahi kamar sunan maganin basir da ake tallarsa da lasifika a tasha hhh

Baban Biyu: Asuwakin lantarki fa?

Ustazu: Kar ku sa asuwaki a wannan zance don Allah. Asuwaki sunna ne, da shi ake tsarkake baki kafin salla, ba abin da za a kai tafin ƙafa ba ne. Wasa tsakanin ma'aurata ba laifi, amma a nemo wani suna.

Mai Fassara: Na karɓa Ustazu, asuwaki ya fita.

Mai Kemis Wunti: Anti, kafin a zaɓi suna a san abin tukuna, domin ba duka ne ke girgiza ba. Iri biyu ne. Akwai irin na Oral-B mai ɗan zagayayyen kai, shi juyawa yake dama da hagu. Akwai irin na Philips Sonicare, kansa dogo kamar burushin da muka saba, shi ne mai karkarwa da sauri, wajen sau 31,000 a minti ɗaya. To girgizau ɗin Malam ya ɗauki na biyu ya bar na farko a hanya. Kuma in don cakulkuli ne ki faɗa musu mai karkarwar ya fi, mai juyawa yana iya naɗe gashi, a zaɓi mai laushin baki, a sa shi a mafi ƙanƙantar gudu, kuma a ware masa kansa daban tun da ana cire kan a sauya, kar wanda ya je ƙafa ya dawo baki, ko ya hau wurin da ke da faso ko ƙurji.

Malamin Hausa: Duk wannan bayani ne na kasuwa. Harshe fa mutunci ne. Mun bari man goge baki ya koma makilin saboda Macleans, garin wanki ya koma omo, yanzu kuma wannan.

'Yar Jekadafari: Malam lantarki ma ai daga Turanci take, asuwakin ma daga Larabci, sabulu haka, me ya rage mana? Shi kansa Baturen nan Bargery a ƙamusunsa na Hausa na 1934 bai kori kalmomin aro ba.

Bakano a Yelwa: Ku bar mana wannan aiki, Hausar Kano ce daidaitacciya. Ku da kuke cewa "motan nan" maimakon "motar nan" ne za ku ƙirƙiro kalma?

Baban Biyu: Ji shi. Garin Sa'adu Zungur da Tafawa Balewa ne za ka koya wa Hausa? Ka zo cin arziki ka zauna lafiya yaya.

Bakano a Yelwa: Wasa nake, Allah ya huci zuciyar Bausawa.

Mai Fassara: Jama'a dare na yi, ni ban ma gama shafi na biyu ba. Akwai kuma inda takardar ta ce dariyar wanda ake wa cakulkuli ba ita ce yarda ba, jiki ne ke yinta ko mutum ba ya so, shi ya sa ma mutum ba ya iya yi wa kansa, ƙwaƙwalwa ta riga ta san hannun na zuwa. Don haka su ajiye wata kalma tun kafin a fara, da an faɗe ta a kashe burushi nan take. Wannan na sa "kalmar tsayawa", ya yi?

'Yar Jekadafari: Ya yi Anti. Ni dai a gidana "wuta" muke cewa, don "bari" ba ta aiki, mutum na dariya yana cewa bari ba a san ko da gaske yake ba.

Mai Kemis Wunti: Wani gyara kaɗan, akwai masu batir da ba a cajinsu, su ne ma masu araha, "mai caji" bai kama su ba.

Mai Fassara: Kai! To zan ce "burushin haƙori mai lantarki" a farko in yi bayani, daga nan in ci gaba da "burushi mai caji", wanda nasa na batir ne ya yi haƙuri.

Malamin Hausa: Ban gamsu ba, amma shirinki ne. Ko sau ɗaya dai ki ce magogi don yara su ji akwai ta.

Mai Fassara: Magogi zan sa sau ɗaya Malam. Girgizau kam sai dai ka kira waya a shirin ka faɗa da bakinka.